Laburaren New York: Inda Ake Amfani Da Kwamfuta Kyauta

Yau birnin New York na Amurka za mu leƙa, mu shiga laburare. Na san da an ce laburare, littattafai ne ke faɗo mana a rai. To ni maganar kwamfuta zan yi muku.

Laburaren jama'a na New York yana da rassa 92 a yankunan Manhattan da Bronx da Staten Island. Brooklyn da Queens kowa da nasa daban. In ka shiga reshe, za ka tarar da kwamfutoci a jere. Ka ba da lambar katinka, a yanka maka lokaci, ka zauna ka yi aikinka. Intanet ɗin kyauta ne, ko da wayarka ka zo. Suna kuma da azuzuwa masu suna TechConnect, inda ake koyarwa tun daga yadda ake riƙe linzami da buɗe imel, har zuwa Excel da rubuta manhaja. Ba ko sisi.

Wani zai ce, a Amurka ma akwai wanda ba shi da kwamfuta? Wallahi akwai. Kuma matsalar ita ce, a can kusan komai ta intanet ake nema: aiki, gidan haya, tallafin gwamnati, ganin likita. Waya tana da amfani, amma gwada rubuta takardar neman aiki da babban yatsa, ko cike fom mai shafi goma a ɗan ƙaramin gilashi, ka gani. A wajenmu kafe mutum yake zuwa ya biya. A can laburare ne kafen talaka, sai dai ba a karɓar kuɗin zama, kuma ga ma'aikaci da zai nuna maka inda ka kakare.

Katin fa? Duk wanda yake zaune a jihar New York, ko yake aiki ko karatu a cikinta, ya cancanta. Katin shaidar birnin, IDNYC, wanda aka fara bayarwa a 2015 ba tare da tambayar takardar zaman ƙasa ba, shi ma ana iya haɗa shi ya zama katin laburare. Wannan ya shafi 'yan'uwanmu na Gana da Nijar da ke zaune a Bronx, musamman sabbin zuwa. A unguwar Fordham akwai babban reshe, Bronx Library Center, da aka buɗe a 2006.

To wa ke biya? Nan ne maganar take. Kaso mafi tsoka daga kasafin birnin yake fitowa, wato haraji. Sannan dokar sadarwa ta 1996 ta haifar da shirin E-Rate, mai yi wa makarantu da laburare rangwamen kashi 20 zuwa 90 cikin ɗari na kuɗin intanet. A 1997 Bill Gates da matarsa ta lokacin, Melinda, suka kafa gidauniya don saka kwamfutoci a laburaren unguwannin talakawa. A ƙarshen 2014 kuma Google ya ba da dala miliyan 1, laburaren birnin suka riƙa ba da aron 'yar na'urar intanet, ka tafi da ita gida kamar littafi.

Amma abin da yake hannun kasafin kuɗi, ran da aka matse shi sai ya ji a jikinsa. A Nuwamban 2023 magajin gari Eric Adams ya zaftare kuɗi, rassan da ke buɗewa ran Lahadi suka daina. Ka duba direban tasi ko mai aikin shago da sai Lahadi yake samun kansa. Shi aka rufe wa ƙofa, ba mai kwamfuta a ɗaki ba. Jama'a suka yi ta ƙorafi, a tsakiyar 2024 aka maido da kuɗin, aka koma buɗewa.

In kana can za ka je, ka tafi da filas ko ka tura wa kanka aikin ta imel, kuma ka fita daga asusunka kafin ka tashi, don wani ne zai hau kujerar. Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya yarda.