Labari Cikin Kalmomi Dubu: Gasar Marubutan Mormon

Yau za mu leƙa ƙasar Amurka ne, inda waɗansu marubuta suka ƙago wata gasa mai suna Mormon Lit Blitz a shekarar 1​2 ga ƙarnin nan, wato 2012. James Goldberg da matarsa Nicole suna cikin waɗanda suka assasa ta. Sharaɗinta mai sauƙin faɗi ne amma da wuyar cikawa: kowane rubutu kada ya wuce kalmomi 1,000, ko ƙagaggen labari ne, ko waƙa, ko muƙala. Alƙalai su tace su fitar da 'yan kaɗan, a riƙa sakin su ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan masu karatu su jefa ƙuri'a su zaɓi gwani.

Su wane ne Mormon? Mabiyan ikkilisiyar da Joseph Smith ya kafa ne a jihar New York a 1830, wadda hedkwatarta take birnin Salt Lake a jihar Utah. Tun 2018 shugabanninsu suka fi son a kira su da cikakken sunansu, wato Ikkilisiyar Yesu Almasihu ta Tsarkakan Kwanakin Ƙarshe. Ba baƙi ba ne a ƙasar nan, gama 'yan mishan ɗinsu sun iso Nijeriya a 1978, aka kuma keɓe haikalinsu na Aba a 2005.

Mun sani wani zai ce, ina ruwanmu? Gaskiya ne koyarwarsu ta sha bamban da tamu a manyan al'amura, suna kuma da littattafan da suke riƙe da su tare da Littafi Mai Tsarki waɗanda mu ba mu karɓa ba. Ba mu ɓoye wannan. Amma karanta labarin maƙwabci ba shiga ɗakinsa ba ne.

Abin da ya ja hankalinmu shi ne matsalar da gasar ta zo warwarewa. Tun 1888 wani dattijonsu, Orson F. Whitney, ya yi kira ga jama'arsa su rubuta adabin gida na kansu. Sun kuwa fitar da mashahuran marubuta, irin su Orson Scott Card da Brandon Sanderson, sai dai labaran da suka ɗaukaka su galibi na duniyoyin ƙage ne. Wanda ya zauna ya rubuta zaman mai bi na yau da kullum, da shakkarsa, da addu'ar da ba a amsa ba tukuna, shi yakan rasa mai karantawa. Na waje ya ce wa'azi ne, na gida ya ce tonon asiri ne. Gajeren labari ya rage wannan nauyi, domin minti biyar ya isa a karance shi, ko mai ƙyuya ba shi da hujja.

A 2019 ma sun buɗe ƙofa ga waɗansu harsuna, har aka sami rubuce-rubuce da Sifaniyanci da Fotugis tare da fassararsu.

Saboda haka muna roƙonku, musamman matasa da malaman makaranta masu jin Turanci, idan an buɗe sabon zagaye ku nemi labaran ku karanta su duka kafin ku jefa ƙuri'a. In kuwa kuna da aboki ɗan wannan ikkilisiya mai son alƙalami, a Jos ko Kaduna ko Abuja, ku gaya masa ya gwada sa'arsa.