Daga Gwaiduwa Zuwa Ɗan Tsako: Yadda Ƙwayoyin Gado Ke Tsara Jiki

Gabatarwa

A Dutsen Abba, kamar sauran ƙauyukan Zazzau, akan zuba wa kaza ƙwan zabo ta kwanta a kai. Nata ƙwan yakan ƙyanƙyashe cikin kwana 21, na zabuwa kuwa sai ya kai kwana 26 zuwa 28, kuma abin da zai fito ɗan zabo ne. Ashe ke nan ɗumi kawai kaza ta bayar; umurnin ginin jikin yana cikin ƙwan. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda ake zartar da wannan umurni.

Shimfiɗu Uku

A bisa gwaiduwa akwai wani ɗan farin tabo, wanda shi ne tayin. Cikin kwanan farko na kwanci, ƙwayoyin halittar da ke wurin sukan jeru shimfiɗa uku. Ta sama ita ke zama fata da gashi da ƙwaƙwalwa da laka. Ta tsakiya ta zama tsoka da ƙashi da jini da zuciya da ƙoda. Ta ƙasa kuwa ta zama cikin hanji da hanta da huhu. Haka abin yake ga kifi da kwaɗo da ɗan Adam.

Abin mamaki shi ne, ƙwayoyin gado iri ɗaya ne a cikin dukkan shimfiɗun. John Gurdon na Ingila ya tabbatar da haka a 1962, sa'ad da ya ɗauki cibiyar ƙwayar hanjin talibambam ya dasa cikin ƙwan kwaɗon da aka kashe wa tasa cibiyar, sai ga cikakken talibambam. To, me ya bambanta hanta da fata?

Sarautar Ƙwayoyin Gado

Amsar ita ce, ba dukkan ƙwayoyin gado ke aiki a wuri ɗaya ba. Wasu aikinsu shi ne tayar da 'yan'uwansu ko kwantar da su, tamkar yadda umurni kan taso daga sarki zuwa hakimi, zuwa dagaci, har ya isa ga mai unguwa. Sai dai a nan na ƙasa ma yakan mayar da magana sama, maƙwabta kuma suna aika wa juna saƙo. Wannan saƙar umurni ita ke gaya wa kowace ƙwayar halitta abin da za ta zama.

Alal misali, wani sinadari da ake kira BMP yana umurtar shimfiɗar sama ta zama fata. Amma akwai wani ɗan gungu a gadon bayan tayi mai fitar da Chordin da Noggin, waɗanda ke ɗaure BMP. Inda suka kai, sai ƙwaƙwalwa da laka su samu. Inda ba su kai ba, sai fata. A 1924 Hans Spemann da Hilde Mangold na Jamus suka dasa wannan gungu a gefen cikin tayin wata halitta dangin kwaɗo, sai jiki na biyu ya tsiro manne da na farko. A shekarun 1930 Conrad Waddington ya nuna cewa tayin kaza ma yana da irinsa.

Kammalawa

Wannan ilmi bai tsaya ga akurki ba. A cikin ɗan Adam, bututun da ke zama ƙwaƙwalwa da laka yakan rufe wajen kwana 28 da shigar ciki, tun mace ba ta tabbatar tana da juna biyu ba. Idan bai rufe ba, sai a haifi jariri da buɗaɗɗen gadon baya. Shan ƙwayar folik asid tun kafin ɗaukar ciki yana rage aukuwar haka ƙwarai, alayyafo da wake kuma suna ɗauke da irin wannan sinadari. Masu iya magana sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ginin jiki ma tun a makonnin farko ake tsare shi.