BARGON SUNAYE: YADDA AKE SHIRYA ƘYALLAYENSA

A ƙasar Amurka mata masu ɗinki suna da wata al'ada. In ana bikin aure, ko wani zai yi ƙaura, sai a ba kowane baƙo ƙyalle guda ya rubuta sunansa. Bayan biki a haɗa ƙyallayen, a shimfiɗa auduga a ƙarƙashinsu, a sa wani yadi a baya, a ɗinke. Shi ke nan an sami bargo mai ɗauke da sunayen dangi da abokai.

Al'adar ta yaɗu wajen shekara ta 1840. A lokacin an fara samun tawadar da wanki ba ya fitar da ita. Iyalai da yawa suna ƙaura zuwa yammacin ƙasar, tafiyar watanni a amalanke. Mace mai tafiya ba ta san ko za ta sake ganin ƴan uwanta ba, sai su yi mata bargo ta tafi da sunayensu. A shekara ta 1917 kuma, da Amurka ta shiga yaƙin duniya na farko, mata suka yi irin wannan bargo don tara wa ƙungiyar agaji ta Croix-Rouge kuɗi. Mai son a sa sunansa sai ya biya.

Babban aikin kafin baƙi su zo ake yin sa. In suna ya lalace bayan taro ya watse, ba a iya sake tara mutane. Ga yadda ake yi:

1. A zaɓi yadin auduga fari, maras zane, don rubutu ya fito.

2. A wanke shi kafin a yanka. Sabon yadi yana da sitaci, sitaci kuwa yana hana tawada kamawa. Kuma yadin auduga yana raguwa a wankin farko.

3. A goge shi, a yanka ƙyallaye masu kusurwa huɗu, girmansu ɗaya, misali santimita 15 kowane gefe. A yanka fiye da yawan baƙi, domin wani zai yi kuskure.

4. A ja layi da fensir kewaye da ƙyalle, santimita 1 daga baki. Wannan bakin ɗinki ne zai cinye shi. Wanda ya ƙetare layi, farkon sunansa ko ƙarshensa zai shige cikin ɗinki.

5. A liƙa takarda mai kauri a bayan ƙyalle, ko a kafe shi bisa kwali. In ba haka ba, yadi zai yi ta motsi, rubutu ya karkace.

6. A gwada alƙalami a wani tsumma. A rubuta, a bari ya bushe, a wanke. In tawada ta yi naso ko ta fita, a sake wani. Bik na makaranta bai dace ba.

Ranar biki a zaunar da mutum guda kusa da tebur, yana nuna wa baƙi layin. A da, sau da yawa mai kyakkyawan hannu ne yake rubuta wa kowa. Yanzu an fi son kowa ya rubuta da hannunsa, ko da rubutun bai miƙe ba, don hannun mutum shi ne abin tunawa.

Bayan biki a cire takardar, a bi rubutun da dutsen guga mai zafi don tawada ta zauna. Wasu suna bin kowane baƙi da allura da jan zare. Sannan a fara haɗawa.

Hausawa sun ce: tun ran gini, ran zane.