Sabuwar Manhaja, Tsoffin Saituna

A watan Oktoban 2024 GTBank ya koma manhajar Finacle, Zenith kuma ya koma Flexcube, masu POS da 'yan kasuwar Wuse ta Abuja suka kwana biyu suna fama da tura kuɗi. Jama'a sun ga wahalar sauya manhaja a fili, amma akwai wani ɓangare na irin wannan aiki da ba a cika zancensa ba, wato saitunan sabar. Su ne ke gaya wa na'ura inda rumbun bayanai yake, wa aka yarje wa shiga, mutum nawa za ta ɗauka a lokaci guda, da minti nawa za ta jira kafin ta katse. Batun ya shafi Abuja kai tsaye, tunda a nan Galaxy Backbone, kamfanin gwamnatin tarayya da aka kafa a 2006, ke riƙe da bayanan ma'aikatu da yawa.

A ganina babban kuskure shi ne a kwashi tsohon fayil ɗin saiti a zuba wa sabuwar manhaja yadda yake, kamar wanda ya tare a sabon gida da makullan tsohon. Da manhajar sabar Apache ta fito da sigar 2.4 a 2012, ta canja yadda ake rubuta izinin shiga, har wasu tsoffin umarni suka daina aiki sai an kunna wani ƙari na musamman. Wanda ya fi haɗari ma shi ne saitin da bai yi ƙorafi ba, sabar ta tashi lafiya lau alhali ma'anarsa ta sauya.

Wani injiniya zai ce bin saituna layi-layi ɓata lokaci ne, kuma abin da ya shekara goma yana aiki bai kamata a taɓa shi ba. Da gaskiyarsa wajen lokaci, domin aikin na iya cin makonni, sau da yawa ma wanda ya rubuta saitin ya bar ma'aikatar bai bar bayani ba. Sai dai rashin bayanin shi ne ya wajabta a karanta, a gwada a sabar gwaji, a kuma tanadi hanyar komawa baya. Misali, a ƙarshen watan Yulin 2012, kamfanin Knight Capital na Amurka ya sa sabuwar manhaja a sabar bakwai cikin takwas. A ranar 1 ga Agusta, wata alamar saiti da aka ba sabon aiki ta tayar da tsohon umarni a ta takwas ɗin, cikin minti 45 kamfanin ya tafka asarar fiye da dala miliyan 400.