Hanta da Ƙwayar Tazarar Haihuwa: Abin da Ke Faruwa Bayan An Haɗiye

A watan Oktoba na 1951, a ɗakin gwajin kamfanin Syntex da ke birnin Meksiko, wani matashi ɗan shekara 26, Luis Miramontes, ya haɗa sinadarin norethisterone a ƙarƙashin jagorancin Carl Djerassi. Tushen kayan haɗin kuwa doyar daji ce. Wannan sinadari yana kwaikwayon firojestaron, wanda jikin mai juna biyu ke yi da yawa don hana sakin wani ƙwai.

Yawancin ƙwayoyin yau gamin gambiza ne na sinadarai biyu. Firojestin, wato dangin norethisterone, shi ne mai babban aiki: yana hana ƙwaƙwalwa aika umarnin sakin ƙwai, yana kuma kaurara majinar bakin mahaifa ta yadda maniyyi ba zai ratsa ba. Istirojin kuma yana taya shi, yana daidaita zuwan jini.

Sai dai duk abin da aka haɗiye, sai ya bi ta hanta. Istirojin na asali ba ya jure wannan hanya, hanta kan rushe mafi yawansa. Shi ya sa masana a Balin suka gyara shi a 1938, suka samar da ethinylestradiol mai tsallake wannan shinge. Amma ƙarfin nasa yana sa hanta ƙara yin sinadaran daskarar da jini. Enovid, ƙwayar farko da Amurka ta amince da ita a 1960, tana ɗauke da maikirogiram 150 na istirojin. Saboda haɗarin daskarewar jini aka rage shi: ta yanzu galibi 20 zuwa 35 ne kawai. Duk da haka, ba a ba mai hawan jini sosai, ko mai shan taba da ta kai shekara 35.

Wasu magunguna kuma zaburar da hanta suke yi. Rifampicin na tarin fuka da carbamazepine na farfaɗiya suna sa ta cinye sinadarin da wuri, har ciki ya iya shiga alhali mace ba ta tsallake rana ba. Ashanar tazarar haihuwa da ake sawa a damtse ma ƙarfinta kan ragu. Allurar Depo-Provera ta wata uku ce ba ta girgiza, shi ya sa ma'aikaciyar jinya kan fara da tambaya: "Hajiya, akwai wani maganin da kike sha?"