Itacen Ado da Ruwan Gidimuni

Yau zancen itace za mu yi, wanda ake dasawa don ado a ƙofar gida, a harabar makaranta ko ta ofis.

Hotunan da ke yawo a wayoyi sun sa idonmu ya saba da wani itace na ƙasashen sanyi, mai ganye siriri kamar allura, wanda rassansa ke zubowa har ƙasa, ba ya kaɗe ganye rani da damina. Wanda ya fi suna a irinsa shi ne sedar na duwatsun Atlas. Akwai guda ɗaya a wani lambu a Châtenay-Malabry, kusa da Paris a Faransa, ya haura shekara 100, sai da aka kafa masa ginshiƙai suna tallafar rassansa. Kyau kam yana da shi, babu musu. Amma asalinsa kan duwatsun Maroko da Aljeriya ne, a tsayin da ya wuce mita 1,300, inda ƙanƙara ke sauka da hunturu. Mu kuwa a yankin Zinder ruwan shekara bai cika nisa da milimita 400 ba, cikin wata uku zuwa huɗu yake zuba ya ɗauke, sannan a Afrilu da Mayu zafi ya kan wuce digiri 40. Wanda ya dasa irin wannan itace a nan ya ɗaura wa kansa ban ruwa na kullum, kuma ko ya jure, iskar bazara za ta ƙone masa ganye.

Wani zai ce ai Gidimuni, a nan yankin, daban take, tana da tafki. Gaskiya ne, kuma saboda darajarsa aka sa tafkin Gidimuni cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2019. Sai dai ruwan nan yana da masu shi. Dabino yana sha, rake da rogo da albasa suna sha, masunta suna jira, makiyaya suna kawo garke. Ku duba lambun bakin tafki da sassafe: dabino a sama ya yi rumfa, kayan lambu a ƙarƙashinsa, mai lambu yana buɗe wa wannan fangali ruwa yana toshe wancan da ƙasa. Kowane tulu akwai inda za shi. Bayan haka, ƙasar kwari tana da kanwa, sedar kuma ba ya son saiwarsa ta kwana cikin ruwa. In aka hau da shi kan tudu, rairayi ne, kana zubawa yana shanyewa.

Masu karatu za su tuna mana cewa akwai ɗan'uwansa a tsakiyar Sahara, a duwatsun Tassili na Aljeriya, wanda Buzaye ke kira tarut. Haka ne, amma waɗanda suka rage ba su kai 250 ba, wasu sun haura shekara 2,000, ragowar zamanin da hamada ke da ruwa ne, kuma da ƙyar sabon tsiro ke fitowa a gindinsu.

Hujjar da ta fi ƙarfi ga masu son baƙon itace ita ce ta dogonyaro. Shi ma baƙo ne, daga Indiya aka kawo shi, ga shi yau babu garin da ba a shan inuwarsa, har da shi aka yi shingen tare iska a kwarin Majiya tun 1975. To, ba baƙunta ce laifin itace ba. Dogonyaro ya fito daga ƙasa mai zafi da dogon rani irin namu, shi ya sa ya zauna. Abin tambaya kafin a sayi dashe shi ne: daga wane irin yanayi ya fito, kuma wa zai ba shi ruwa idan mai gida ya yi tafiya?

Damagaram, wato Zinder, ba ta rasa sanin darajar itace ba. Tarihi ya riƙe cewa Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ya sa hukunci mai tsanani a kan duk wanda ya sare gawo. Daga shekarun 1980 kuma manoman Maraɗi da Zinder suka rungumi sassabin zamani, suna barin tsiron kututture suna yi masa aski maimakon ƙone shi, har aka ƙiyasta itatuwa kusan miliyan 200 a kan hekta miliyan 5. Babu tulu ɗaya da aka ɗauka don shayar da su. Gawo dai ba zai biya wa mai neman kore kullum buƙata ba, tunda da damina yake zubar da ganye. Amma ga aduwa, rassanta na lanƙwasowa ƙasa, tana riƙe ganye har tsakiyar rani, ga 'ya'ya. Ga tsamiya mai duhun inuwa, ga kanya, ga dabinon da Gidimuni ta yi suna da shi. Za a ce aduwa tana da ƙaya, tsamiya kuma ba ta saurin girma. Ƙaya ana iya sassabe ta daga ƙasa, jinkiri kuwa, wancan na Faransa ma ba a shekara goma ya kai haka ba.

Don haka muna kira ga magadan gari, shugabannin makarantu da masu sababbin gidaje: idan ranar 3 ga Agusta ta zo, ranar dasa itace a Nijar, ku nemi dashen tsamiya, aduwa da dabino wurin ma'aikatan gandun daji, ku kewaye shi da ƙaya saboda awaki, ku ba shi ruwa a ranin farko.