Mai Bashin Banki Ma Yana da Haƙƙin Ganin Lissafi

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma a kasuwannin Ajame da Tireshbil na birnin Abijan an mai da bashin banki abin ɓoyo. Ɗan kasuwar da zai tsaya a bakin kasuwar Forum yana ciniki da ɗan dako a kan dala ashirin, shi ne kuma idan banki ya zare masa jika talatin da sunan ajiyo sai ya naɗe takarda ya cusa aljihu, ya ce Allah ya kyauta. Kunya ce ke rufe masa baki, domin yana ganin wanda ake bi bashi ba shi da ta cewa. Wannan tunani kuskure ne, kuma kuskure ne mai tsada. Amincewa da cewa ana bin ka bashi daban, amincewa da adadin da aka rubuta maka daban. Abin da ya hau kanka shi ne uwar kuɗi da abin da doka da yarjejeniya suka halatta a ɗora mata. Duk abin da ya wuce wannan kana da ikon ƙin sa, ko da asusunka ya yi wata shida a ƙasa da sifili.

Mu fara da sanin abin da ake magana a kai. Idan banki ya bar ka ka ciri fiye da abin da ke asusunka, shi ne abin da ake kira découvert a takardun banki, wato asusu ya shiga rami. Sau da yawa ba a shiga ramin da gangan. Ceki ne ka ba mai kawo maka kaya ya riga cinikinka isa banki, ko albashi ya yi jinkiri alhali ranar cirar kuɗin bashi ta yi. Daga wannan rana kuɗin da ake kira agios, wato ajiyon nan, ke fara taruwa, kuma ba abu ɗaya ba ne. Akwai kuɗin ruwa da ake lissafawa kwana-kwana. Akwai wani kaso da ake ɗauka a kan mafi zurfin ramin da ka shiga, ko da kwana ɗaya ka yi a wurin. Akwai tara idan ka zarce iyakar da aka yanka maka, da wata idan aka mayar da cekinka. A saman waɗannan kuma gwamnatin Kodebuwa na karɓar harajinta na hada-hadar banki, wanda a ƙa'ida kashi 10 ne cikin 100 na abin da bankin ya caje ka. Sai a haɗa wannan tarkace a layi ɗaya ko biyu cikin Faransanci, a ce ga abin da ake bin ka.

Lissafi kaɗan ya isa ya nuna inda gizo ke saƙa. A ɗauka mutum ya shiga ramin sefa 500,000 na kwana 30, a kan ruwan kashi 15 cikin 100 a shekara. Ruwan wannan wata bai wuce jika shida da 'yan kai ba. Idan aka wayi gari an zare masa jika ashirin saboda wannan rami, to ya biya kashi 4 a wata, wato kashi 48 a shekara. Wanda raminsa ƙarami ne ya fi shan wuya: ramin jika ashirin na kwana goma ruwansa bai kai sefa 100 ba, amma tara guda ta jika biyar ta cinye rubu'in bashin baki ɗaya. Ashe ba ruwan ne ke karya talaka ba, ƙananan cajin da ke rakiyarsa ne. Doka kuwa ta san da haka. A ƙasashe takwas masu amfani da sefar Yammacin Afirka, har da Kodebuwa da Nijar, akwai iyakar da bashi ba ya haurawa. A ranar 1 ga Janairu 2014 aka sauke ta daga kashi 18 zuwa 15 ga bankuna, daga 27 zuwa 24 ga ƙananan cibiyoyin ba da rance. Ba kuma da ruwa kaɗai ake auna ta ba. Ana aunawa ne da abin da ake kira TEG, wanda ya tattara ruwa da sauran kuɗaɗen da aka ɗora saboda bashin, ban da harajin gwamnati. Dole ne a rubuta wannan adadi a yarjejeniya, kuma abin da aka karɓa fiye da iyaka ana cire shi daga bashin, ko a mayar wa mai shi idan ya riga ya gama biya.

Akwai kuma abubuwan da banki ba shi da ikon caji a kansu ko kaɗan. Tun 1 ga Oktoba 2014, bisa umarnin BCEAO, babban bankin yankin mai hedikwata a Dakar, hidimomi 19 suka zama kyauta. Daga cikinsu akwai buɗe asusu da rufe shi, da takardar bayanin asusu sau ɗaya a wata, da takardar da ke tattara dukkan cajin da aka yi maka a shekara, da saukar da albashi a asusu, da cirar kuɗi a na'urar bankinka, da tura kuɗi tsakanin asusu biyu a banki ɗaya. Takardar nan ta cajin shekara ita ce makamin farko na mai bashi, domin ita ke fito da abin da aka tsittsinka kaɗan-kaɗan a wuri ɗaya. Wanda bai taɓa neman ta ba bai san nawa banki ke ci a jikinsa ba.

Hanyar ƙorafi kuma a shimfiɗe take. Ka karɓi takardun asusunka na watannin da abin ya shafa, da kwafin yarjejeniyar buɗe asusu, da jadawalin farashin da doka ta tilasta wa kowane banki ya liƙa inda jama'a za su gani. Ka zauna da wanda ya iya Faransanci da lissafi, ku bi layi-layi, ku ware abin da ba ya cikin jadawali, da abin da aka cira sau biyu, da abin da ya kamata ya zama kyauta. Sai ka rubuta wasiƙa mai kwanan wata da adadi, ka kai reshenka, ka tabbata an buga maka hatimin karɓa a kwafinka. Maganar baki da mai kula da asusunka, komai daɗinta, iska ce. Tun 2020 Hukumar Kula da Bankuna ta yankin, wadda mazauninta yake nan Abijan, ta wajabta wa bankuna su tanadi sashen karɓar ƙorafi kuma su ba da amsa cikin wata ɗaya. Idan wata ya cika shiru, ko amsar ba ta gamsar ba, sai ka nufi OQSF, hukumar sa ido kan ingancin hidimar kuɗi da gwamnatin Kodebuwa ta kafa a Disamba 2016, wadda ke da masu sasanci tsakanin banki da abokin hulɗarsa ba tare da karɓar ko dala ba. Ita kanta Hukumar Kula da Bankunan tana karɓar ƙorafin da banki ya ƙi warwarewa.

Wani zai ce ai ka riga ka sa hannu, kuma magana zarar bunu ce. Akwai gaskiya a nan, bai kuma kamata a ruɗi kowa ba: yawancin abin da banki ke cira yana cikin takardar da aka sa wa hannu, kuma ƙorafi ba ya dakatar da bashi, ruwa na ci gaba da taruwa yayin da ake duba takardarka. Amma sa hannu takobi ne mai kaifi biyu. Yadda ya ɗaure ka haka ya ɗaure banki, ba shi da damar cirar abin da ba a rubuta ba. Sa hannu kuma ba ya halatta abin da doka ta hana. Ko ka dangwala yatsu goma a kan ruwan da ya haura iyaka, wannan ƙari bai zama bashi ba. Har ma idan lissafi ya fito daidai, wasiƙar ba ta tafi a banza ba, domin a cikinta ne za ka nemi rangwamen tara, ka kuma nemi a mai da ramin bashi mai wa'adi da za ka riƙa biya wata-wata. Banki ɗan kasuwa ne. Ya san kuɗin lauya da ɓata lokacin kotu, ya kuma san gara mai biya kaɗan-kaɗan da wanda ya ɓace.

Wani kuma zai ce mu baƙi ne, ina mu ina ja da manyan bankunan unguwar Filato? Wannan tsoro ya fi kowane ƙarfi a zukatan mutanenmu, musamman waɗanda suka zo ci-rani daga Tawa ko Maraɗi suka zauna. Amma dokokin nan ba su tambayi asalin mai asusu ba. Na yanki ne gaba ɗaya, abin da ke aiki a Tireshbil shi ke aiki a Yamai. Jama'ar da ta daɗe a garin nan har sunan Garba ya zama sunan abincin da kowane ɗan Abijan ke ci, ba ta da dalilin shiga banki tana sunkuyar da kai. Kuɗinta ne ke juyawa a cikinsa. Rashin Faransanci matsala ce ta gaske, amma maganinta yana cikin gida: 'ya'yanmu da ƙannenmu da suka yi karatu a nan, da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa waɗanda da ma su ke raba gardamar bashi a kasuwa.

Mafi hatsarin shawara ita ce ta mai cewa ka rabu da asusun kawai, ka koma asusun waya na Wave ko Orange Money, banki zai gaji ya manta. Banki ba ya mantuwa. Asusun da aka yi watsi da shi ba a rufe ba yana ci gaba da cin kuɗin kula, ruwa na hawa kan ruwa. Tun 2016 kuma akwai ma'ajiyar bayanan masu bashi ta yankin, wadda kamfanin Creditinfo ke gudanarwa daga Abijan, inda bankuna da ƙananan cibiyoyin rance ke duba tarihin mutum kafin su ba shi ko sisi. Kana da haƙƙin ganin rahotonka kyauta sau ɗaya a shekara, da neman a gyara kuskure. Cekin da ya dawo ba a daidaita shi ba yana iya jawo a hana ka rubuta ceki har shekara biyar. Mafi muni shi ne cike ramin banki da kuɗin masu ba da rance na bayan fage, waɗanda mutanen Abijan ke kira margouillats, wato ƙadangaru, masu riƙe katin bankin ma'aikaci su riga shi zuwa na'ura ranar albashi. Sunan ya dace da su, ƙadangaren bakin tulu ne. Wanda ya gudu daga kashi 15 a shekara ya faɗa hannunsu, ya yi gudun gara ya tadda zago.

Idan har magana ta kai kotu, nan ma ba a rufe ƙofa ba, amma lokaci ne ke hukunci. Ranar da ma'aikacin shari'a, wanda aka saba kira huissier, ya miƙo maka umarnin biya, kwana goma kacal gare ka ka shigar da ƙin amincewa, bisa dokar karɓar bashi ta ƙungiyar OHADA da aka sabunta ta fara aiki a Fabrairu 2024. A da kwana 15 ne, kuma da yawa har yanzu da tsohon lissafi suke aiki. Wanda ya ajiye takardar a ƙarƙashin tabarma har wa'adi ya wuce, ya ba da damar a kama asusunsa da kayan shagonsa a kan adadin da bai taɓa tantancewa ba. Wanda ya bayyana kuwa, sashe na 39 na wannan doka ya ba alƙali ikon duba halin da yake ciki ya jinkirta masa biya ko ya rarraba shi har tsawon shekara ɗaya, ya kuma ce abin da ake biya ya fara rage uwar kuɗi. Wannan sassauci bai shafi bashin ciyarwa da na takardun kasuwanci irin su ceki ba.

Saura masu cewa tun farko riba haramun ce, wanda ya shiga sai ya yi haƙuri da abin da ya same shi. Nisantar riba shi ne daidai, kuma wanda ya fita daga rami ya roƙi banki a rubuce kada a sake biyan komai a asusunsa idan babu kuɗi. Amma babu inda addini ya ce tuba shi ne ka bari a ƙara maka ribar da ko dokar masu ribar ba ta yarda da ita ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da adalci take, kuma kafin ta kaɗan aka yi umarni da jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci. Mai neman a warware masa lissafi bai kauce wa wannan tarbiyya ba.

Gaskiya ne kariyar da ake da ita ba ta kai inda ya kamata ba. A Faransa an ƙayyade tarar da ake ɗora wa masu rauni a yuro 25 a wata, kimanin sefa 16,400, a Ingila kuma tun 2020 aka hana bankuna ɗora tsayayyen caji a kan asusun da ya shiga rami. Can ma ba don tausayi aka yi ba, ƙorafi ne ya taru har hukuma ta kasa kau da kai. Kowace wasiƙa mai hatimi da ta fito daga Ajame ko Tireshbil tana ƙara nauyin wannan hujja a nan. Saboda haka, ɗan'uwa, takardar nan da ka naɗe ka cusa aljihu, ka fito da ita a daren yau, ka kira yaron da ya iya karatu. Abin da ka ci, ka biya. Abin da ba ka ci ba, ka tambayi dalilinsa a rubuce.